Tarihin Freedom House, Motar Asibitin Unguwar Hill a Birnin Pittsburgh

Freedom House ƙungiya ce ta ɗaukar marasa lafiya da aka kafa a shekarar 1967 a unguwar Hill ta birnin Pittsburgh, cikin jihar Pennsylvania a Amurka. Ta yi aiki har zuwa watan Oktoba na 1975. Ma'aikatanta na farko baƙaƙen fata ne 'yan unguwar, kuma da yawansu zaman kashe wando suke yi kafin a ɗauke su. Masu rubuta tarihin aikin likita suna lissafa ta a matsayin ta farko a ƙasar da ta damƙa motar asibiti a hannun mutanen da ba likitoci ba ne, amma aka ba su horo mai zurfi har suka iya fara jinyar mutum a daidai inda ya faɗi, a titi ne ko a ɗakinsa. Manhajar farko da gwamnatin tarayyar Amurka ta tsayar don horar da ma'aikatan ceton rai a faɗin ƙasar, a kan aikin wannan ƙungiya aka gina ta.

A tsakiyar shekarun 1960 motar asibiti a Amurka ba ta wuce abin sufuri ba. Aikinta ta ɗauko mutum ta ruga da shi asibiti. Ko ya isa da rai ko bai isa ba, wannan sai yadda hali ya yi. A 1966 Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa ta fitar da wani rahoto da ya tayar wa hukumomi hankali. Rahoton ya ce a 1965 kaɗai haɗurra sun jawo raunuka miliyan 52, sun kashe mutum 107,000, kuma kusan rabin aikin ɗaukar marasa lafiya a ƙasar masu sana'ar binne gawa ne ke yin sa, su kimanin 12,000. Dalilin bai wuce cewa su ne ke da dogayen motocin da mutum zai iya kwanciya a ciki ba. Rahoton ya kuma kawo ra'ayin ƙwararrun da suka dawo daga yaƙin Koriya da na Biyetnam, cewa wanda ya ji mummunan rauni a fagen fama ya fi wanda ya ji shi a titin birni samun damar tsira.

A Pittsburgh 'yan sanda ne ke amsa kiran gaggawa. Motar da suke kwasar masu laifi da ita, ita ce dai ke ɗaukar wanda zuciyarsa ta buga ko matar da naƙuda ta zo wa da gardama. Sai su ɗora mutum a gadon tamfol, su tura shi baya, su koma gaba su ja mota. Babu mai duba numfashinsa, babu mai danne jinin da ke zuba. Horon da aka yi musu bai wuce taimakon farko na 'yan sa'o'i ba.

Kowa yana cutuwa da wannan tsari, amma mutanen Hill sun fi kowa ɗanɗana kuɗarsa. Unguwar tana kan tudu, daf da tsakiyar birni. Tun daga zamanin Yaƙin Duniya na Farko baƙaƙen fata suka riƙa kwararowa cikinta daga jihohin kudu, suna neman aiki a masana'antun ƙarfe. Ta yi suna da makaɗan jaz, da gidajen kiɗa irin su Crawford Grill, da jaridar Pittsburgh Courier, wadda a lokacin ke cikin jaridun baƙaƙen fata mafiya yawan masu karatu a Amurka. A nan aka haifi marubucin wasan kwaikwayo August Wilson. Sai dai daga 1956 hukumomin birnin suka shiga rushe gangaren unguwar da sunan sabunta gari. An tashi mutum kusan 8,000 da wuraren sana'a kimanin 400, aka gina katafaren zauren wasanni na Civic Arena a gurbinsu, wanda aka buɗe a 1961. Waɗanda aka tasa suka cunkusu a sauran sassan Hill da wasu unguwanni, kasuwanci ya durƙushe, rashin aikin yi ya yi katutu.

Tasi masu lasisi ba su cika shiga Hill ba, shi ya sa jama'a suka dogara da kabu-kabun 'yan unguwa. Kamfanonin motar asibiti masu zaman kansu su ma sukan ƙi amsa kira daga can, ko don tsoro, ko don sanin ba lallai a iya biyansu ba. Saura 'yan sanda ke nan, kuma tsakaninsu da unguwar babu ga-maciji. Uwar da aka tafi da ɗanta jiya ana duka ba za ta yi saurin kiran motar da ta ɗauke shi ba don yau mijinta ya dafe ƙirji. Sai a jinkirta, a gwada abin da ke gida, a nemi maƙwabci mai mota; in ma an kira, zuwan yakan ɗau lokaci. Ga shi kuma idan zuciya ta tsaya ko numfashi ya ɗauke, da mintoci ake lissafi: ƙwaƙwalwar da ta rasa iskar oksijin na minti huɗu zuwa shida ta fara lalacewa ke nan, irin lalacewar da ba ta gyaruwa.

Wanda ya fara kawo shawarar kafa ƙungiyar shi ne Philip Hallen, shugaban gidauniyar Maurice Falk mai tallafa wa harkokin lafiya. Ya taɓa tuƙa motar asibiti a ƙuruciyarsa, don haka ya san irin sakacin da ke cikin aikin. Tunaninsa na farko mai sauƙi ne: a samar da motocin da za su riƙa kai mutanen Hill asibiti, a kuma ɗauki 'yan unguwar su tuƙa, a jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Morton Coleman na sashen nazarin walwalar jama'a a Jami'ar Pittsburgh yana cikin waɗanda suka ƙarfafa a haɗa aikin da horar da marasa aikin yi. Hallen ya kai maganar ga wata ƙungiyar unguwa mai suna Freedom House Enterprises, wadda ɗan gwagwarmayar kare haƙƙin baƙaƙen fata James McCoy ya kafa don samar da sana'o'i. A lokacin ƙungiyar tana da motar da ke kai wa mutane kayan abinci har gida. Daga sunanta aka ɗauko sunan motar asibitin, kuma a ƙarƙashin wannan ƙungiya aka gudanar da aikin har ƙarshe. Wannan tushe yana da muhimmanci: tun ranar farko abin na unguwa ne, da shugabanni baƙaƙen fata a kansa, ba wani reshe na ofishin 'yan sanda ko na ma'aikatar gwamnati ba.

Da Hallen ya je asibitin Presbyterian na jami'ar neman goyon baya, sai aka haɗa shi da Dakta Peter Safar, kuma daga wannan haɗuwa shirin ya sauya kama. An haifi Safar a birnin Biyana na Ostiriya a 1924, ya ƙaura Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ya ƙware a fannin sa majinyaci barci lokacin tiyata. A shekarun 1950, yana Baltimore, shi da Dakta James Elam suka tabbatar da gwaji cewa hura wa mutum iska baki-da-baki, bayan an karkata kansa baya don buɗe hanyar numfashi, ya fi tsofaffin dabarun ɗaga hannuwa da danna baya da ake koyarwa a lokacin. Da aka haɗa wannan da danna ƙirji, wanda masu bincike a Jami'ar Johns Hopkins suka fito da shi, sai aka sami hanyar farfaɗo da zuciya da numfashi da duniya ke koyarwa har yau. A 1961 ya koma Pittsburgh, ya kafa sashen fanninsa a jami'ar, ya kuma gina tsarin kula da majinyatan da ke rai-kwakwai-mutu-kwakwai.

Rasuwa biyu a 1966 suka juyar da hankalinsa daga cikin asibiti zuwa titi. Ta farko ta 'yarsa ce, yarinya ƙarama, wadda ciwon asma ya taso wa yana wajen gari halartar taro. An samu an dawo da bugun zuciyarta a asibiti, amma ƙwaƙwalwa ta riga ta mutu. Ta biyu ta David Lawrence ce, tsohon magajin garin Pittsburgh kuma tsohon gwamnan Pennsylvania, wanda ya yanke jiki ya faɗi a wani gangamin siyasa ranar 4 ga Nuwamba. 'Yan sanda suka kai shi asibiti, Safar da abokan aikinsa suka tayar da zuciyar, amma bai sake farfaɗowa ba har ya cika ranar 21 ga watan. Idan wannan ne rabon mutumin da ya fi kowa ƙarfin faɗa-a-ji a birnin, to, ba sai an tambayi rabon talakan Hill ba. Safar ya fahimci cewa duk ƙwarewar da ya tara a ɗakin tiyata ba ta da amfani ga wanda aka kawo masa bayan an ɓarar da mintocin farko.

Saboda haka ya amince da buƙatar Hallen, amma da sharaɗi. Ba direbobi zai horar ba. Mutanen da za su kai asibiti wurin majinyaci yake so. Ya daɗe yana da ra'ayin cewa mutumin da bai taka makarantar likitanci ba zai iya koyon buɗe hanyar numfashi, da ƙarin ruwa ta jijiya, da karanta bugun zuciya, in dai an koya masa da gaske. Likitoci da yawa suna ganin wannan ganganci ne. Hill ta ba shi wurin gwaji, shi kuma ya ba Hill abin da babu wata unguwar masu kuɗi a Amurka da ke da shi a lokacin.

Rukunin farko maza ne kimanin 25. Wasu ba su gama sakandare ba, wasu sun taɓa zaman gidan yari, wasu tsofaffin sojoji ne da suka dawo daga Biyetnam. A takardun hukumomin samar da aiki, da yawansu suna cikin jerin waɗanda aka yanke ƙauna ga ɗaukarsu kowane irin aiki. Safar ya tsara musu karatun sa'a 300 cikin mako 32: sanin sassan jiki da yadda suke aiki, farfaɗo da zuciya da numfashi, taimakon farko mai zurfi, dabarun jinya, da tuƙin kariya. Bayan aji kuma aka zagaya da su ɗakin tiyata, da sashen gaggawa, da ɗakin haihuwa, har da mutuware. Waɗanda ba su da takardar sakandare aka haɗa musu da karatun cike giɓi. Gerald Esposito ya taimaka wajen tsara horon, Dakta Donald Benson kuma ya zama likitan farko mai sa ido a kan aikin. Kuɗin farawa sun fito daga gidauniyar Falk da wasu gidauniyoyi, da shirin yaƙi da talauci na gwamnatin Shugaba Lyndon Johnson.

Ba su kammala karatun ba jarrabawa ta same su a titi. Ranar 4 ga Afrilun 1968 aka kashe Martin Luther King, tarzoma ta ɓarke a birane da dama, Hill ta kama da wuta na kwanaki. Ɗaliban suka fita suna kula da waɗanda suka jikkata, a daidai lokacin da farin mutum cikin kayan sarki ba zai shiga wasu lunguna lafiya ba. A watan Yuli na wannan shekara aikin ya kankama a hukumance da motoci biyu, cibiyarsa a asibitin Presbyterian. Gwamnatin birni, ƙarƙashin magajin gari Joseph Barr, ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyar a kan dala 100,000 a shekara, domin ta riƙa amsa kiran gaggawa a Hill da unguwar Oakland da tsakiyar birni.

A shekarar farko sun amsa kira kusan 5,800, sun ɗauki majinyata fiye da 4,600, kuma galibi ba su kai minti goma ba suke isa wurin. Bayanan da Safar ya tattara sun nuna cewa mutum kimanin 200 ne suka tsira a wannan shekara waɗanda da tsohon tsari ne da sun mutu. Motocin su ma an sake musu fasali bisa tsarinsa: rufi mai tsawo yadda ma'aikaci zai zauna a kan majinyaci ya yi aiki da hannu biyu, da tukunyar oksijin, da na'urar zuƙe majina da jini daga maƙogwaro. Daga baya aka ƙara na'urar auna bugun zuciya mai aika sakamako ta rediyo zuwa ga likita a asibiti, da na'urar girgiza zuciya da lantarki, da magunguna irin su naloxone, wanda ke dawo da numfashin wanda heroin ta yi wa yawa. Yawancin abin da ake gani yau a cikin motar asibiti ta zamani an gwada shi a waɗannan motoci.

Kayan aiki da horo ba su ne kaɗai suka kawo waɗannan alƙaluma ba. Babban jarin Freedom House shi ne mutanen da ke cikin motar 'yan gida ne. Sun san lungunan Hill da gangarenta, sun san benen da matattakalarsa ta ruɓe, sun san gidan da lambarsa ta goge. Wanda suka tarar a kwance sau da yawa abokin makaranta ne, ko mahaifiyar aboki, ko dattijon da suke gaisawa a coci. Ɗan sandan da ya ga baƙin mutum yana tangaɗi yana magana a sarƙe zai iya cewa maye ne ya tura shi bayan kanta. Wanda ya san shi, kuma aka koya masa alamomin ciwon suga, zai gane suga ne ya sauka. Mai shaye-shayen da ya ga abokinsa ya daina numfashi, da can gudu zai yi don tsoron kamu, yanzu kuwa yakan tsaya ya buga waya. Mutane suka fara kira tun ciwo bai ci ƙarfi ba, suna kuma faɗa ƙarara cewa Freedom House suke so a turo musu, ba 'yan sanda ba. A aikin gaggawa, kiran da aka yi da wuri ya fi kowace na'ura ceton rai, kuma yarda ce kaɗai ke kawo shi.

Unguwar ita ma ta ga wani abu da ba ta saba gani ba: samarinta cikin fararen kaya, da abin sauraron ƙirji a wuya, suna ba da umarni ana bi. John Moon, wanda daga baya ya zama fitacce a cikinsu, ƙaramin ma'aikaci ne a asibitin Montefiore, yana tura gadon majinyata yana sauya zannuwa, lokacin da ya ga biyu daga cikinsu sun shigo ɗaukar wani majinyaci da irin natsuwar da bai taɓa ganin an bar baƙin mutum ya nuna a asibiti ba. Wannan gani ne ya sa ya nemi horo, ya shiga ƙungiyar a farkon shekarun 1970. Irin wannan tasiri ba ya shiga rahoton shekara, amma shi ya riƙa kawo wa ƙungiyar sababbin ma'aikata, maza da mata, har da wasu fararen fata daga baya.

A wajen Hill kuwa labarin daban ne. Akwai fararen majinyatan da suka ƙi yarda baƙin hannu ya taɓa su, ko da suna cikin halin mutuwa. A wasu asibitoci, ma'aikacin ya tsaya yana bayanin bugun jini da numfashin wanda ya kawo, sai nas ta juya masa baya, ko a ɗauke shi mai shara. A wurin haɗari sukan yi taƙaddama da 'yan sanda, waɗanda ke ganin tsayawa a ɗaure karaya ko a yi ƙarin ruwa ɓata lokaci ne, a jefa mutum mota kawai a tafi. Duk da haka, tsofaffin ma'aikatan sun sha ba da labarin cewa 'yan sandan nan, idan ciwo ya faɗo gidajensu, Freedom House suke nema.

Matsalar da ta fi duka ita ce ta kuɗi da siyasa. Yawancin majinyatan ba su da abin biya, don haka ƙungiyar ta dogara da kason birni da tallafin gidauniyoyi. A 1970 Peter Flaherty ya hau kujerar magajin gari da alƙawarin tsuke bakin aljihun gwamnati. Ya rage kason zuwa dala 50,000, biyan ma ba ya zuwa a kan lokaci. Ya ƙi amincewa a faɗaɗa aikin zuwa sauran unguwanni, duk da cewa Safar ya sha neman haka. An kuma hana motocin kunna jiniya a tsakiyar birni da hujjar hayaniya, abin da ya sa suke maƙalewa a cunkoso da majinyaci a baya. Masu kare Flaherty suna cewa haka ya yi wa kowace ma'aikata. Amma ƙungiyar 'yan sanda ba ta son aikin ya fita daga hannunta, kuma da wuya a karanta abin da ya faru a waɗannan shekaru a ce launin fata bai taka rawa ba. Har ta kai mazauna unguwannin masu hali suna ƙorafin yadda za a ce talakawan Hill sun fi su samun kulawa. Ƙorafin gaskiya ne, sai dai maganin da hukuma ta zaɓa ba shi ne miƙa wa Freedom House sauran birnin ba.

Zuwa 1974 ƙungiyar ta galabaita: motoci sun tsufa, albashi yana tangal-tangal, Safar kuma ayyuka sun yi masa yawa. A wannan shekara ya ɗora Dakta Nancy Caroline a matsayin likita mai kula da aikin. An haife ta a 1944 a jihar Massachusetts, ta zo Pittsburgh ne don ƙwarewa a ƙarƙashinsa. Ba ta zauna a ofis ba. Tana shiga mota ta bi su kira dare da rana, tana sauraron oba-oba ko tana gida, tana bin rahoton kowane majinyaci ta yi wa ma'aikaci tambayar ƙwaƙwaf a gaban 'yan'uwansa. Da farko sun yi mata kallon baƙuwa mai tsanani, daga baya ta zama tasu. A zamaninta aka koya musu zura bututun numfashi cikin maƙogwaro, aikin da a lokacin ko likitoci ba kowa ke yi ba. A 1975 John Moon ya yi wa wani majinyaci wannan aiki a wajen asibiti, kuma ana lissafa shi cikin na farko da wani wanda ba likita ba ya yi a Amurka.

A daidai wannan lokaci gwamnatin tarayya ta farka. Majalisar dokoki ta zartar da dokar tsarin agajin gaggawa a 1973, aka ware kuɗi don kafa irin wannan aiki a yankuna. Ma'aikatar Sufuri tana neman manhaja guda da za a horar da ma'aikata da ita a duk ƙasa, kuma a 1975 aka ba Safar da Caroline wannan aiki, Freedom House ta zama wurin gwada shi. A wani taron ƙasa da ƙasa na likitocin kulawa ta musamman da aka yi a Pittsburgh a shekarar, ma'aikatan sun nuna ƙwarewarsu a wani haɗarin gwaji da aka shirya a gaban baƙi, suka kuma sami yabo. Abin da Caroline ta rubuta ya zama littafin Emergency Care in the Streets, wanda ya fito a 1979, kuma har yanzu ana sake buga shi da sunanta.

A shekarar da sunan ƙungiyar ya kai ƙololuwa, a ita aka rufe ta. Flaherty ya ba da sanarwar cewa birni zai kafa nasa sashen agajin gaggawa da zai game dukkan unguwanni, ya kuma dakatar da kason Freedom House. Ranar 15 ga Oktoban 1975 motocinta suka amsa kiransu na ƙarshe, bayan sun amsa fiye da 45,000 a tsawon rayuwar ƙungiyar. Sabon sashen ya ɗauki tsarinta, da manhajarta, da fasalin motocinta, har da likitarta, domin an nemi Caroline ta kula da shi. Ta amince bisa sharaɗin a ɗauki ma'aikatan Freedom House. An ɗauke su, amma aka wargaza tawagoginsu, aka sa ƙwararru masu shekaru a titi a ƙarƙashin sababbin fararen ma'aikata da ba su kai su sani ba, aka riƙa yi musu jarrabawa a kai a kai, wanda ya faɗi a sallame shi. Daga cikin 26 da suka koma, rabi ne suka rage bayan shekara guda, biyar kacal suka yi dogon zama. Zuwa ƙarshen shekarun 1990, kashi 98 cikin ɗari na ma'aikatan sashen fararen fata ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba a musun cewa kafa sashe na birni gaba ɗaya ci gaba ne. Kowace unguwa ta sami abin da a da Hill da maƙwabtanta kaɗai ke samu. Asarar da aka yi ita ce ta alaƙar nan da aka shekara bakwai ana ginawa tsakanin mota da unguwa, wadda ba a iya rubuta ta a manhaja. Wasu daga cikin tsofaffin ma'aikatan sun koma tuƙin tasi da ƙananan ayyuka, wasu kuma sun yi nisa a wasu garuruwa. Mitchell Brown, wanda ya jagoranci ayyukan yau da kullum a shekarun ƙarshe, ya shugabanci sashen agajin gaggawa na birnin Cleveland, daga baya ya riƙe harkokin tsaron jama'a a Columbus, ya kuma zama ɗan majalisar birnin. John Moon ya daure ya zauna a Pittsburgh har ya kai muƙamin mataimakin shugaban sashen, ya yi ritaya a 2009. Caroline ta koma Isra'ila a 1977 ta zama likita mai kula da hukumar agajin gaggawa ta ƙasar, sannan ta yi shekaru tana aiki a gabashin Afirka da ƙungiyar likitoci masu zirga-zirga da jirgin sama da ke Kenya. Ta rasu a 2002, Safar kuma a 2003.

Batun wane ne na farko yana buƙatar adalci. A Belfast, Dakta Frank Pantridge ya fara fita da motar masu ciwon zuciya tun 1966, amma likita ne da nas a cikinta. A Miami da Los Angeles da Seattle an horar da 'yan kwana-kwana a ƙarshen shekarun 1960 da farkon 1970, galibi da mayar da hankali kan ciwon zuciya. Abin da ya bambanta Freedom House shi ne horon nata ya game kowane irin ciwo da rauni, kuma farar hula ta ɗauka daga cikin unguwar da za su yi wa hidima. Sai dai hoton da Amurkawa suka riƙe na ma'aikacin ceton rai daga talabijin ya zo: shirin Emergency! da aka fara nunawa a 1972, mai ba da labarin wasu fararen 'yan kwana-kwana biyu a Los Angeles. Shekaru fiye da talatin sunan Freedom House bai cika fitowa ba, har a ajujuwan da ake karantar da littafin Caroline.

Gene Starzenski, tsohon ma'aikacin motar asibiti ɗan Pittsburgh, shi ya fara tono tarihin da fim ɗin da ya fitar a 2009. Littafin Kevin Hazzard mai suna American Sirens ya biyo baya a 2022, sai wani fim na tashar WQED ta Pittsburgh a 2023. A 2021 cibiyar asibitocin Jami'ar Pittsburgh da abokan haɗin gwiwarta suka fara wani shiri mai suna Freedom House 2.0, wanda ke ɗaukar matasa daga unguwannin marasa galihu yana horar da su aikin agajin gaggawa da kiwon lafiyar al'umma, John Moon kuma yana cikin masu ba su shawara. A 2023 aka naɗa Amera Gilchrist shugabar sashen agajin gaggawa na birnin Pittsburgh. Ita ce mace ta farko, kuma baƙar fata ta farko, da ta riƙe wannan muƙami tun kafa sashen a 1975.